Ina rubuta labarin tsohuwar da ruwa ya ci ɗanta a Yawuri, amma kukanta ya ƙi zaunawa daidai

Ummu Sadiƙ:

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta da masu karatu. Dan Allah shawara nake nema, yau kusan wata biyu kenan na tsaya cak a wuri ɗaya na kasa gaba na kasa baya.

Wani littafi nake rubutawa, wannan karon ba soyayya ba ce, labarin wata tsohuwa ne mai shekara 70, na sa mata suna Inna Kulu, tana zaune a wani ɗan gari a bakin kogin Kwara can wajen Yawuri, sana'arta bandar kifi. Ɗanta na fari shi ne ke riƙe da ita, ci da sha da sutura duk shi ne, ranar wata kasuwa ya shiga jirgin ruwa jirgin ya kife kuma ba a ga gawarsa ba. Abin da ya sa na ɗauko labarin shi ne hatsarin nan na watan Mayun 2021, jirgin da ya taso daga Lokon Minna ta jihar Neja zai je kasuwar Wara ta jihar Kebbi da mutum sama da 150 a ciki, 'yan kaɗan ne suka fita da rai, wlh tun lokacin abin bai bar raina ba, kullum sai in riƙa tunanin iyayen da suka zauna a bakin ruwa suna jira.

To matsalata ita ce babin da aka zo aka gaya mata. Sau huɗu ina rubuta shi ina gogewa. Na sa ta faɗi ƙasa tana birgima tana kiran sunansa, ta yaga zaninta, ta suma aka yayyafa mata ruwa. Da na karanta wa mahaifiyata sai ta yi shiru can ta ce "wannan ai ba tsohuwa ba ce, yarinya ce kika shafa wa furfura." Ta ƙi ƙara min komai a kai. Kuma ni 'yar Zariya ce ban taɓa zama a bakin babban kogi ba, iyakata Kubanni. Waɗanda suka zauna da tsofaffi da waɗanda suka san rayuwar bakin ruwa dan Allah ku taimaka min, ya tsohuwa irin wannan take ɗaukar rashi?

Hajiya Maman Halifa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Gaskiya Mama ta faɗa miki, kuma na san dalilin da ya sa ta ƙi ƙarawa, don ita ma abin da za ta faɗa ɗin yana cikin abin da ba a faɗa.

Kin ce ɗan fari ne ko? To tun daga nan kika kauce. Matar da aka haifa wajen 1950 a ƙauye ba za ta kira sunan ɗanta na fari ba ko yana raye, balle ta tsaya gaban jama'a tana kwarma shi. Alkunya ce, da ita aka tashe su. Sau da yawa ma ba ita ta goya shi ba, ana yaye shi kaka ko gwaggo ta ɗauke, ita kuma sai dai ta ce "yaron nan" ko "wancan" ko "mai sunan malam". Duk son da take masa a ɓoye yake tsawon shekara hamsin, to kina ganin ranar da ya mutu ne za ta iya fito da shi fili?

Bari in ba ki abin da na gani da idona. Kakata ta wajen uwa ta rasa babban ɗanta, kawunmu, ina 'yar shekara 14 lokacin kuma a ɗakinta nake kwana. Da aka shigo aka faɗa tana tankaɗen gari, ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un sau ɗaya, ta ƙarasa tankaɗen da ke cikin rariyar, ta kakkaɓe hannu, sannan ta tashi ta je ta kama matarsa da ke ta ihu tana cewa "ke yi haƙuri mana, kanki farau?" Kwana uku ita ke karɓar gaisuwa, ana ya haƙuri tana haƙuri sai ma'aiki, ita ke cewa a ƙara wa mutanen zaure ruwa, ita ta tsaya a kan dakan gumbar sadaka. Har wasu suna cewa kai tsohuwar nan akwai tawakkali.

Sai bayan kamar sati uku, an watse gida ya koma shiru, da magariba tana kwasar tuwo ina riƙe mata fitila, ta jera kwanuka kamar kullum ta sa malmala biyu a wani koren kwanon sha mai murfi wanda shi ake kai wa a ciki, ta rufe, ta ɗago za ta miƙo min ta ce kai wa... sai ta tsaya. Hannunta a sama da kwanon. Ta fi minti ɗaya a haka, ni kuma na kasa karɓa na kasa magana. Can ta ajiye ta ce "miƙa wa almajiri." Daga ranar kullum sai ta zuba a kwanon nan an ba almajiri har ta koma ga Allah, shekara 9, ba wanda ya taɓa tambayarta dalili. Da dare kuma in ta idar da nafila ina ji tana cewa Allah ka ji ƙan bawanka, ka haskaka makwancin bawanka, ko a gaban Ubangiji ba ta faɗin sunan.

Kuma ki duba wani abu, matar kawun nan namu tana da ciki ya rasu, ta haifi namiji aka mayar masa da sunan uban. To kin ga shi ma jikan ba ta iya kiran sunansa, sai "maigidana" irin wasan kaka da jika, amma in ta faɗa muryarta ba irin ta wasa ba ce. Ki nemo wa Inna Kulu nata kwanon.

Ɗan Gungu:

Malama sannu da ƙoƙari, ni mutumen Yawuri ne, ubana masunci ne kuma cikin jirgi na tashi, don haka bari in hwaɗa miki abin da na sani, ki yi haƙuri da irin Hausarmu.

Na farko ki yi lissahin shekarunta. In tana da 70 a 2021, ke nan tana budurwa ko sabuwar amarya sa'adda anka gama dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya taso ya cinye garuruwa. Mutane fiye da 40,000 anka tasa wancan lokaci, tsohuwar Busa kacokan tana ƙarƙashin ruwa yanzu shi ya sa anka gina Sabuwar Busa, kuma Gungawa da ke zaune cikin tsibirai suna noman albasa da gero da yawansu an hiddo su tudu an ba su gidajen siminti da ba su saba da su ba. To wagga tsohuwa taki ba yau ruwa ya fara yi mata ɓarna ba. Garin da anka binne cibiyarta yana ƙasan ruwa, kabarin uwayenta yana ƙasan ruwa, yanzu ga ɗanta ya bi su. Kakata in muna cikin jirgi munka kai wani wuri sai ta nuna ruwa da baki ta ce nan ne gidanmu, ga tsamiyarmu can, alhali ba abin da kake gani sai ruwa har iyakar ido. In kin bar wannan a littahinki kin bar rabin labarin.

Kuma itatuwan da ruwa ya shanye tun wancan zamani kututturansu na nan a ƙasa, in ruwa ya ja baya jirgi na gudu da lodi sai ya hau kai ya tsage. Ga lodin da ya wuce kima, mutane da buhuna da babura har da shanu, ga ba rigar ruwa, ga tsohon katako. Kada ki rubuta shi kamar wata igiyar teku ta taso, a'a, abin cikin ƙiftawar ido ne, rana tsaka ma yana faruwa.

Na biyu, ba a zuwa a gaya wa uwa tana ɗaki kamar mutuwar asibiti. Labari da kanshi yake shigowa gari, za ki ji an ce jirgin kasuwa bai iso ba, kowa ya nufi bakin ruwa. Sarkin ruwa ya tara Sarkawa, wato masuntan kogin, da masu ninƙaya a shiga nema da ƙananan jirage da taru, mata na zaune a kan tudu sun yi jugum, duk jirgin da ya nufo gaɓa sai kowa ya miƙe. Galibi bayan kwana biyu zuwa uku ruwa kan taso da gawa, in da sanyin hunturu ne ta fi daɗewa, wani kuma sai can ƙasa nesa wasu masunta su tsinta. Wadda anka samu nan take ake sallah a rufe don ba ta jira. Wanda ba a samu nashi ba shi ne abin tausai, don ana daina nema kowa ya koma sabgarshi. Akwai wata tsohuwa a garinmu da ta yi shekaru in ta ji ƙarar injin jirgi da la'asar sai ta bar abin da take yi ta fito ƙofar gida ta tsaya, ba ta zuwa bakin ruwan, tsayawa kawai take har fasinja su gama wucewa ta koma.

Sannan ki san kogin ba kala guda gare shi ba. Akwai farin ruwa na damina mai laka, wajen Agusta zuwa Oktoba, akwai baƙin ruwa da ke isowa cikin sanyi wajen Disamba zuwa Fabrairu, ruwan saman da anka yi can ƙasar Gini ne yake biyowa ta Mali da Nijar sai ya yi watanni kafin ya iso mana, ya tace ya yi garau. Da wannan za ki iya auna mata lokaci ba sai kin ce bayan wata shida ba. Kifi kuma kada ki ce kifi kawai, mai banda ta san giwan ruwa da ragon ruwa da tarwaɗa da ƙurungu da yauni. Ki tambayi kanki ko za ta iya ci gaba da fede cikin kifin da anka kamo daga ruwan da ɗanta yake ciki. Na san wadda ta bar cin kifi har ta mutu, amma ba ta bar bandar ba don da ita take ci da marayu.

Malam Abu Hafsa:

Allah ya saka da alheri. Gyara kaɗan ta fuskar addini don kada a samu kuskure a littafin. Takaba ta wata huɗu da kwana goma a kan matar mamaci take, uwa ba ta takaba, zaman makokinta kwana uku ne. Sannan tunda ba a ga gawa ba matarsa ba za ta yanke wa kanta hukunci ba, gaban alƙali za a je. Asalin hukuncin wanda ya ɓace a mazhabar Malikiyya jiran shekara 4 ne daga ranar da ta kai ƙara sannan ta yi takaba, wanda kuwa aka ga shigarsa jirgi aka ga nutsewar jirgin alƙali zai saurari shaidu. Wannan kaɗai zai iya haɗa surukar da tsohuwar rigima, ɗaya na son a yanke ta san matsayinta, ɗaya ba ta son ji an ce ya mutu.

Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ruwa ya ci shahidi ne, masu gaisuwa za su yi ta faɗa mata haka. Hawaye kuma ba laifi ba ne, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi.

Zee Katsina:

Ni dai Anti Hajiya ban yarda duka ba gsky. Ba kowace tsohuwa ce dutse ba, tamu kakar da yayan babanmu ya rasu kuka ta yi sosai har muryarta ta dishe kuma shi ne na farinta. Kuma mu masu karatu in aka yi ta shiru shiru tun daga farko har ƙarshe zuciya ba ta samun inda za ta sauke. Ki bar ta ta daure ɗin na yarda, amma dan Allah ko sau ɗaya ne ki bar ta ta fashe, ko ita kaɗai ce a bayan ɗaki, mu ma mu samu mu yi namu kukan tare da ita.

Ummu Sadiƙ:

Wlh ban san da bakin da zan gode muku ba. Hajiya ina karanta maganar kwanon nan sai da na ajiye wayar na yi kuka, na je na karanta wa Mama, ba ta ce komai ba sai ta tashi ta shiga ɗaki, sai a lokacin na tuna ita ma yayanmu na fari ya rasu yana ɗan shekara 2 kafin a haife ni kuma ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, a wajen gwaggonmu na sani.

Na goge babin gaba ɗaya. Yanzu zan fara ne daga la'asar ɗin da jirgi bai iso ba, tana juya kifi a kan wuta tana ganin mutane suna wucewa da sauri ta ƙofar gida ta ƙi tambaya. Zee na ji maganarki, zan bar ta ta fashe sau ɗaya, ina ganin ranar sunan jikan ne da liman ya raɗa sunan da ƙarfi ta jiyo daga cikin gida. Malam na gode, da na sa ta shiga takaba da farin zani, Allah ya rufa asiri.

Yaya Ɗan Gungu dan Allah kada ka gaji da ni, in Allah ya yarda bayan sallah zan zo Yawuri ni da maigidana ko kwana uku ne in zauna da masu banda in ga abin da idona. Wace rana ce jiragen kasuwa suka fi cika, kuma akwai tsohuwar da ta ga tashin 1968 da za ta yarda in zauna kusa da ita tana aikinta ko ba za ta ce min komai ba?