Dutse Ya Yi Amai, Shin Ƙahon Ya Kusa?

Tela na Marina:

Salamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya wani ya turo min bidiyo a WhatsApp, dutse yana ta aman wuta, wani mai murya irin ta sanƙira yana cewa an ƙirga an gama, duniya saura ƙiris. Har aka kira assalatu ban runtsa ba. Ga abin da ya fito min. Mai amsa ya amsa da baiti, ban son dogon turanci.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai rayawa kuma Mai kashewa.

Jiya na ga dutse cikin wayata,
Bakinsa ja, wuta na zubowa.

Kamar an tuntsurar da tukunyar dalma,
Gida da gona tana haɗiyewa.

Toka ta tashi ta rufe rana,
Da hantsi sai ga dare na shigowa.

Mai maganar ya ce ku duba,
Gabas da yamma ana fashewa.

Ga yaƙi can, ga tarzoma nan,
Ga gwamnatoci suna kifewa.

Ga zafin bana ya haura 40,
Kwalta a titi tana narkewa.

Ya ce bana ne, in an daɗe baɗi,
Tabarmar duniya ta zo naɗewa.

Ɗinkin babbar sallah jibge a shago,
Na ɗau almakashi, hannu na rawa.

In dai kwanan ne ya ƙare,
Wa zai sa rigar da nake yankawa?

Ku ba ni amsa, ku masu ilmi,
Shin ƙahon ne ake shirin busawa?

Malamar Labarin Ƙasa, Mabera:

Wa alaikumus salam Tela. Ajiye almakashin tukuna kar ka yanke yatsa. Ɗalibaina ma sun nuna min bidiyon a aji. Na ari amsa-amonka.

Sannu Tela, sha ruwa ka zauna,
Tsoro ba laifi ba ne ga kowa.

Ƙasar da ka taka ɓawo ce kawai,
Can ƙarƙashinta dutse ke narkewa.

Ɓawon kuwa ba guda ba ne,
Faifai-faifai ne, suna gogawa.

Tafiyarsu a shekara kaɗan ce, kamar
Tsawon da farcenka ke ƙarawa.

Inda wani ya nutse ƙarƙashin wani,
Nan wutar ke samun kafar fitowa.

Kamar tukunyar talge a murhu,
Ka danne murfi, tana tunkuɗowa.

Duwatsun da ke iya yin aman nan
Sun haura 1,300 in ana ƙirgawa.

A kowane lokaci 40 zuwa 50
Na cikin jerin masu amayarwa.

Mafi yawa na gefen tekun Pasifik,
Japan, Indonesiya, Chile, sun yi kewayewa.

Dutsen bai ƙaru ba, Tela,
Waya ce ta shiga hannun kowa.

A da sai a yi wata uku ba labari,
Yau kafin ka tsoma biredi yana isowa.

Baba na Ƙofar Rini:

Ɗiyata Malama, Allah shi yi miki albarka. Ni ban da boko mai yawa, amma jikana ya karanta mani labarin wani dutse, sai nig ga shekarar ta yi daidai da wadda munka sani nan gida. Ku yi haƙuri da ni, ba ni iya bin amsa-amon yara, da nawa niz zo.

Tela ɗana, matso ka ji,
Tsoron ga naka tsoho na,
Kakanninmu sun sha shi,
Sunka tahi sunka bar duniya.

Shekara ta 1815,
Tambora can Indonesiya
Yat tsage, dubbai sunka halaka,
Tokatai ta game duniya.

Da shekara ta kewayo,
Turai sanyi yaƙ ƙi wucewa,
Hatsi yal lalace ga gonaki,
Wasu sunka ce ta ƙare, duniya.

Shekarar nan ta Tambora
Shehu yat taso daga Sifawa,
Yas sauka nan Sakkwato,
Gari na ta cika da duniya.

Shekara biyu yay yi nan,
1817 yac cika,
Ga Hubbare, tahi ka gani,
Ana ta ziyara, ga kuma duniya.

Mutane sun matsa mishi
Wai shi na Mahadin zamani,
Yac ce a'a, har yar rubuta,
Don kar a ruɗi 'yan duniya.

1903 Nasara sunka shigo,
Attahiru yan nufi gabas,
Burmi can yay yi shahada,
Anka ce ga ƙarshen duniya.

Satiru kau, 1906,
Ƙauye na nan kusa da mu,
Sunka ce lokaci ya yi,
Anka share garin daga duniya.

In wani yac ce ya san ranar,
Tuna Satiru kahin ka bi shi,
Mai shela shi ka tserewa,
Mabiya su ka barin duniya.

Alaramma na Gidan Igwai:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Malama, ilminki ilmi ne, amma kar mu share alamomi baki ɗaya, nassi ya zo da su. Shi kuma mai bidiyon, gonar da ya shiga ba tasa ba ce.

Malama, na ji batun faifanki,
Ban ce ƙarya kika shirya ba.

Sai dai sababi bawa ne shi ma,
Bai taɓa motsi don kansa ba.

Ma'aiki ya ce wuta na tafe Hijaz,
Sa'a ba ta zuwa in ba ta fito ba.

Za ta haska wuyan raƙuma a Busra,
Ƙasar Sham ke nan, ba nan kusa ba.

Hijira tana da 654,
1256 in ba ka gane ba,

Kusa da Madina ƙasa ta tsage,
Wuta ta malalo irin da ba a saba ba.

Jama'a suka cika masallacin Manzo,
Kuka da tuba, ba a yi barci ba.

Makonni tana gudu kamar kogi,
Ta tsaya, ba ta shiga birnin ba.

Malaman zamanin suka ce ita ce,
Imamu Nawawi ma bai ƙi ambato ba.

To lissafa, Tela, kai ne mai awo,
Shekara 700 da ɗori, ba ta tashi ba.

Alama gaskiya ce, na yarda,
Amma ba ta zo da kwanan wata ba.

Jibrilu ya tambayi Manzo yaushe,
Ya ce bai fi mai tambayar sani ba.

In Manzo bai sa mata rana ba,
Mai bidiyo bai isa ya sa ba.

A 2000 an ce, a 2012 an ce,
Har yau ba mu ji sun ba da haƙuri ba.

Tela na Marina:

Allah gafarta Malam, na ji,
Zuciyata ta fara saukowa.

Amma Malama, tambaya ɗaya,
Nan kusa da mu akwai mai fashewa?

Na taɓa bi ta Kwatarkwashi a mota,
Tun jiya dutsen nake tunawa.

Malamar Labarin Ƙasa, Mabera:

Kwatarkwashi ƙanƙararre ne,
Ba shi da baki balle amayarwa.

Mu nan teku ce ta taɓa kwanciya,
Shekaru miliyoyi da janyewa.

Farar ƙasar Kalambaina shaida ce,
Da ita siminti ake sarrafawa.

A Dange da Wurno in an tona,
Ƙashin halittun ruwa ke fitowa.

Tsofaffin bakuna na Biu da Panyam,
Sun daɗe da barci, ana nomawa.

Mai rai na kusa shi ne na Kamaru,
1999 da 2000 ya yi tofarwa.

Dillalin Shanu na Kara:

Tunda an ambaci Kamaru bari in tsoma baki. Sana'a ta sha kai ni can, kuma Fulanin da muke ciniki da su, in an ce Nyos sai ka ga hira ta mutu.

Ba kowane dutse ke yin ruri ba,
Wani yakan yi kisa ana kwana.

Tafkin Nyos a bakin tsohon dutse,
Ruwa kwance lumui kamar ba ɓarna.

21 ga Agusta, 1986,
Da dare, bayan faɗuwar rana,

Iskar da ta taru a gindin tafkin
Ta ɓalle ta bi kwari da gona.

Ba harshen wuta, ba toka,
Ta fi iskar shaƙa nauyi, a ƙasa take kwana.

Mutum 1,746 suka tafi,
Shanu 3,500 zube a rana.

Waɗanda suka je sun ce ko ƙuda
Babu a kan mushen, shiru ko'ina.

Wanda ya farka ya ga gidansa kaf,
Ka ce masa me, Malam? Ni ya fi ƙarfina.

Daga 2001 aka kafa bututu,
Iskar na fita kaɗan-kaɗan, ana auna.

Masu kafa shi ba su tsaya musu ba
Kan ko alama ce, sun ce a zo a tona.

Mai Albasa:

Ku yi haƙuri, ni ban iya tsara baiti kamar ku ba, kuma ban so yin magana ba. Daga gabashin jihar nan nake. Yanzu ni da iyali muna zaune a kangon wani bawan Allah a cikin gari, buhu muka yi labule da shi.

Kuna ta batun dutsen Indonesiya,
Mu babura ne suka tashe mu a garinmu.

Abin da ya rufe mana rana
Hayaƙin rumbu ne, hatsinmu.

Ku tambayi Isa da Sabon Birni,
Sun san irin aman da ya same mu.

A 2010 Rima ta cika ta batse,
Ta ci amfani, ta ci gidajenmu.

Muka ce to, wannan daga Allah,
Ruwa ya janye, muka koma fadamarmu.

Wannan kuwa mai kai ne da ƙafa,
Ya san sunanmu, yana jin harshenmu.

Ya aza mana kuɗi kafin mu noma,
Sannan ya hana mu girbin abinmu.

Alaramma, an ce kisa zai yawaita,
Na sani, tun a allo aka koya mu.

Amma ina tsoron kalmar a bakin manya,
Su ce ƙarshen zamani ne, su manta da mu.

Mai cewa haka ya sha shayinsa,
Ya kaɗe riga, ya gama da batunmu.

Dutse ba a kai shi gaban alƙali,
Wanda ya kore mu mutum ne irinmu.

Alaramma na Gidan Igwai:

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da ku gida lafiya, ɗan'uwa.

Gaskiyarka, hadisin ya zo,
Amma bai ce a ƙyale azzalumi ba.

Labarin abin da zai faru ne,
Bai zama uzuri ga mai mulki ba.

In Sa'a ta zo da dashe a hannunka,
An ce ka dasa, ba a ce ka yar ba.

Ka same ni masallaci bayan la'asar. Akwai wani ɗalibina da ke neman wanda ya san albasa ya riƙe masa lambu a Kwalkwalawa.

Inna Uwar Adashi, Runjin Sambo:

Ni ban da ilmin dutse. Na dai karanta tun daga sama, yanzu na gane wani abu.

Tela ɗana, ashe dalilin ke nan
Da ya sa ka daina zubin adashi.

Sati uku ina aiken yarinya,
Kana ce mata duniya za ta tashi.

To bidiyon jiya ka gan shi,
Tun yaushe ka san za ta tashi?

In za ta tashi ai sai ka gaggauta,
Ba a son mutum ya je kabari da bashi.

Kwasar satin nan ta mai ƙosai ce,
Ba ta san Tambora ba balle tokarshi.

Ga atamfata tun kafin azumi,
Ɗinki guda ka kasa gama shi.

Ko dutsen ne ya haɗiye zaren,
Ko keken ne toka ta shige shi?

Tela na Marina:

Haba Inna, ki rufa min asiri,
Gaban Alaramma kike tonawa.

Na ɗau almakashi tun da hantsi,
Wuyan rigarki nake haɗawa.

Zubi biyu zan aiko da magariba,
Na uku Juma'a nake kawowa.

Mai Albasa, in ka shigo Marina,
Zo da yaran in auna, sallah na matsowa.

Inna Uwar Adashi, Runjin Sambo:

Magariba dai, Tela, yarinyar na nan tafe. Kuma hannun rigar kar ka matse shi irin na bara.