Takarda a tsagin bango: musayar baiti kan ziyarar Yahudawa

Malam Garba Mai Baiti

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Wannan makon ni ke da zaɓen jigo kuma jikata Ummi ce ta jawo shi, jiya ta kawo min waya wai Kaka su waye waɗannan masu baƙaƙen huluna suna ta rangaji gaban bango suna cusa takarda a rami, na ce Yahudawa ne suna ziyara, ta ce ashe su ma suna ziyara? Wallahi sai na kama kame-kame. To ga shi na kawo muku. Ƙafiya "ra", ƙwar huɗu, wanda ya karya ko ya maimaita ta wani goro na kansa.

A birnin Ƙudus akwai wani bango,
Na manyan duwatsu, tsoho, dogo,
Ɗakin ibadarsu ya zama kango,
Shi suka riƙe a cikin ɗan saura.

Shekara ta 70 Rumawa sun zo,
Titus a gaba, mayaƙa da ƙwazo,
Hayaƙi ya tashi ya zamo hazo,
Suka bar Haikali toka da ƙura.

Baba Yohanna na san ka taka wurin, bismilla.

Baba Yohanna Wusasa

Amin wa alaikumus salam Malam. E na je a 2013 cikin ayarin masu ziyara na jiharmu. Su Kotel suke ce masa, kuma ba bangon ɗakin ibadar ba ne shi kansa, katangar da Sarki Hirudus ya tokare tudun da ɗakin yake kai da ita ce, duwatsun ƙasan nan guda ɗaya ya fi ƙofar zaurena girma, ga ciyayi sun tsiro a tsakani tsuntsaye na shiga suna fita abinsu.

Na je na gani Malam da idona,
Suka ba ni 'yar hula na sa a kaina,
Na dafa dutsen da tafin hannuna,
Ya yi sumul, hannun mutane ya gyara.

Maza a hagu, mata suna dama,
Kowa da littafi yana ta fama,
Wani na kuka, wani na kallon sama,
Wani na rangaji yana jan Zabura.

Kowane tsagi ka duba akwai wasiƙa,
An nannaɗe su ƙanana an liƙa,
Ni ma na rubuta tawa na miƙa,
Da ƙyar na sami gurbin da zan zura.

Abin da ya tsaya min a rai, in sun gama da yawansu ba sa juya wa bangon baya, da baya da baya suke ja har su yi nisa.

Ɗan Iro

hhhh Baba me ka rubuta dan Allah, ko dai addu'ar fansho ce ta fito? Ni ban je ko'ina ba iyakata Zariya, amma data ta kai ni Meron a arewacin Isra'ila, kabarin wani babban malaminsu

Can dutsen Meron ake babban taro,
Hubbaren Shimon bar Yohai, ba tsoro,
Ranar ake fara yi wa yaro
Askin fari, ga wuta ana ta hura.

Sai dai 2021 an sha kuka,
Hanya ta matse, wasu wasu suka taka,
Mutum 45 nan suka halaka,
Murna ta koma ɗaukar makara.

yaro sai ya shekara uku ake masa askin, a bar masa gashin gefen kunne. Bikin Lag Ba'omer sunansa. Wlh da na ga hoton wannan lungu mai gangara da takalma zube sai turmutsitsin Mina na 2015 ya faɗo min, har yau akwai gidan da ke layinmu da ba su ga gawar tsohonsu ba

Abba Zafi

Ni fa iyayena ku yi haƙuri ba rashin kunya ba ne amma ba zan iya karanta wannan in yi shiru ba, ana ta bango bango kamar ba shi da wani suna kuma kamar ba kowa a wurin da

Ku dakata iyayena ina da magana,
Bangon da kuke ta faɗi tun da rana,
Mu Buraƙu muka san shi da suna,
Tun daren Isra'i, ku je ku duba sira.

Filin da Baba ya tsaya ya yi addu'a,
Unguwar Magaribawa ce, gidajen jama'a,
A 1967 ba su taki sa'a,
Katafila ta mai da gidajen shara.

Halil kuma, masallacin Ibrahimu,
1994, a watan azuminmu,
Wani ya buɗe wuta kan 'yan'uwanmu,
Mutum 29 a sahu, wace asara!

Malama Zainab

Abba ƙanena zauna ka sha ruwa. Shekara goma sha wani abu ina koyar da tarihi a sakandare kuma duk abin da ka kawo haka yake, Baruch Goldstein sunan mutumin, sallar asuba ce ranar Juma'a. Amma tunda garin Halil, wato Hebron, ka ɗauko bari mu zauna a Halil ɗin.

Abba ƙanena ba ka yi ƙarya ba,
Ba kuwa mai cewa ba a yi ba,
Amma littafin ba nan ya ƙare ba,
Juyo mana shafin baya mu ƙara.

Kogon Makfela suke kiran gun nan,
Ibrahimu da Saratu na kwance can,
Ishaƙu da Yaƙubu duk suna nan,
Kakanninsu ne su ma a Attaura.

Tun zamanin Mamluk aka kafa doka,
Bayahude in ya zo tsani yana taka,
Matakala ta bakwai nan ce iyaka,
Kusan shekara 700 ba ya haura.

1929 a garin an yi ɓarna,
An kashe 67, manya da ƙanana,
Wasu maƙwabta Larabawa masu amana,
Suka ɓoye ɗaruruwa har suka tsira.

Ka kwatanta mutum ya yi tafiyar watanni ya zo gaida kakansa a tsayar da shi a waje a matakala, ya yi addu'arsa ta wani ɗan rami a jikin bango ya juya. Tun bayan 1994 ɗin ginin a rabe yake gida biyu, ƙofa daban daban da sojoji, sai kwana 10 a shekara ake bar wa Musulmi shi gaba ɗaya, kwana 10 kuma Yahudawa. Annabi ɗaya ne kwance a tsakiya kowa na leƙensa ta tagarsa.

Hajiya Rabi Damagaram

Sannunku da zafi, bari in ɗan yayyafa ruwa. Ni abin da idona ya gani a Maroko ne, mun je ziyara da ƙungiyarmu ta mata

Ni da na je Fas wajen Shehu Tijjani,
Direba ya kai mu Mallah don mu gani,
Kaburbura jere farare kamar likkafani,
Kowane da gurbin kyandir an tsara.

Mai gadin ya ce hilula ake cewa,
Ranar da waliyyinsu ya yi rasuwa,
Daga Faransa da Kanada ake tahowa,
A yanka rago a ci a raba har yara.

Mallah ita ce tsohuwar unguwar Yahudawa. Babbar hilular kuma a kusa da Wazzan ake yi, wajen Amram ben Diwan da ya rasu 1782, shi ko ƙubba ba shi da ita, tarin duwatsu ne ƙarƙashin tsohuwar bishiyar zaitun sai su yi ta jefa kyandir cikin wuta. Da Yahudawan Maroko sun haura 200,000 yanzu 'yan dubbai kaɗan suka rage, shi ya sa da yawa daga maƙabartun nan Musulmi ne ke riƙe da makulli suna shara suna shafa farar ƙasa, masu su sai shekara shekara.

Sani Ɗalibi a Tunis

Anti Rabi kin tuna min, mu ma nan akwai

Anti Rabi ga na Tunis in ba ki labari,
A tsibirin Jerba akwai wani ɗan gari,
Majami'ar Ghariba, shuɗi da fari,
Takalmi a waje kamar mu, hattara.

Mace ta ɗau ƙwai ta rubuta suna,
Na 'yar da take so ta yi aure bana,
Ta sunkuya kogo ta aje shi ya kwana,
Zafin kyandir ya dafa shi, sai jira.

Sun ce da Haikalin farko ya faɗi,
Limamai suka gudo ta teku mai faɗi,
Da dutse guda nasa, in ji masu faɗi,
Yana cikin ginin tun waccan hijira.

wato zamanin Bukhtanasar kenan na Babila, labarin baka ne na mutanen wurin. Lokaci ɗaya ake yi da na Meron ɗin da Iro ya kawo. Sai dai yanzu ba ka shiga sai ka wuce shingen 'yan sanda kala kala saboda an kai musu harin motar gas a 2002, a 2023 kuma wani jami'in tsaro ya harbe mutum 5 ana cikin bikin, biyu masu ziyara sauran abokan aikinsa

Malam Garba Mai Baiti

Kai Sani, faɗi uku ma'ana uku a baiti ɗaya! Allah ya ƙara basira ɗana, wannan ko a gaban manya sai a tafa maka.

Ɗan Iro

to ni tambayata su ba su da masu cewa bidi'a ne? Ko mu kaɗai aka bar wa rigimar zuwa hubbare hhh

A Uman ta Yukren akwai Rabbi Nahman,
1810 ya rasu yana nan,
Sabuwar shekara maza dubbai su yo can,
Su bar mata a gida da tulin yara.

Ana yaƙi ana jin jiniya a sama,
Jirgi ba ya sauka, mota suke nema,
Su karanta Zabura goma su gama,
Wannan ƙauna ce ko rashin dabara?

Na maimaita "yara" na Hajiya na sani, a rubuta min goro ɗaya

Malama Zainab

Suna da su Iro, sosai ma. Akwai manyan malamansu da suka soki barin iyali ranar idi a tafi Uman, akwai masu cewa ka roƙi Allah a wurin amma kar ka roƙi mai kabarin, har suna kafa hujja da cewa Attaura ta ce ba wanda ya san inda kabarin Annabi Musa yake. Ka ga kamar a zauren unguwarmu ake musun. Amma akwai wata ziyarar da ba ruwanta da wannan musu don ba waliyyi ba hubbare.

Akwai ziyarar da ba ta da kabari,
Auschwitz ta Folan, bariki a jeri,
Mutum miliyan ɗaya da ɗan ƙari,
Toka suka zama, babu sutura.

Tun 1988 matasa ke tattaki,
Kilomita 3, ba kiɗa ba biki,
Su bi layin dogon da ya kai mutane ciki,
Su kira sunaye, ɗan dutse su ɗora.

Mafi yawan waɗanda 'yan Nazi suka kashe a wurin Yahudawa ne. Ga kuma kwarin Babi Yar a Kiyef inda aka harbe mutum 33,771 cikin kwana biyu a Satumbar 1941. Su ba fure suke kaiwa kabari ba, tsakuwa ce, ka ɗora ɗaya alamar wani ya zo. To wanda ba shi da kabarin da zai ɗora wa fa? Shi ya sa a gidan tarihi na Yad Vashem da ke Ƙudus aikinsu tattara sunaye, shafi guda mutum guda, wani ma hoto babu sai suna da garinsu.

Abba Zafi

Ban san zancen matakala ta bakwai ba gaskiya, yau na fara ji

Yaya Zainab na ji na kuma ɗauka,
Wanda ya rasa uwa dole ya yi kuka,
Amma a Gaza ma ƙarƙashin toka,
Akwai dubban da ke jiran sutura.

Malam Garba Mai Baiti

Ka maimaita ƙafiyar yayarka Abba, amma wannan na yafe goron, bar ta a haka. Baba Yohanna ka yi shiru, yaro ya yi maka tambaya tun ɗazu.

Baba Yohanna Wusasa

Ina nan Malam, ina ta rubutawa ina gogewa ne. Mai yi mana jagora ya ce sau biyu a shekara ake kwashe takardun nan, kafin Idin Ƙetarewa da kafin sabuwar shekararsu, da sanduna ake zaƙulo su a zuba a buhu, ba a buɗewa ba a ƙonawa, sai a kai Dutsen Zaitun a binne kamar yadda suke binne tsofaffin littattafansu masu tsarki. Da na ji haka sai na yago takarda a bayan littafin waƙoƙina.

Iro ɗana ba zancen fansho ba ne,
Sunan Ladi na sa, shi kaɗai ne,
Da ita za mu, adashinmu ɗaya ne,
Wata biyu ya rage aka yi mata kira.

Ita tana kwance a nan Wusasa,
Sunanta na Dutsen Zaitun can nesa,
Cikin buhun takardu a ƙarƙashin ƙasa,
Da na Yahudawa, an haɗa an tara.

Ɗan Iro

Innalillahi. Baba ka yafe min wlh ban sani ba, bakina ne ba linzami. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo Wusasa da goron da kaina, ka kai ni in gaida Mama