Kafaɗata ta gaji da giram 28: in sauka zuwa 24 ko 21?

Mai Baki Biyu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa maharba. Shekara biyu ke nan da na fara harbin faifan yumɓu, wato faifan da inji ke cillawa sama a harbe shi yana tafiya, kuma ban taɓa samun wasan da ya shiga raina kamarsa ba. Bindigata geji 12 ce (geji shi ne ma'aunin faɗin bakin bindiga), mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya. Na ɗora ta a sikeli, kilo 3.2 ce. Tun ranar farko harsashi mai giram 28 na ƙwayoyin dalma nake sa mata, don shi aka fara miƙo mini, kuma a jikin kwalin an rubuta gudunsa mita 410 a sakan.

Ga damuwata. Shekaruna 54, kuma kafaɗar dama ta taɓa gocewa ina saurayi. Duk ranar da na fita faifai ɗari nake harbi. Hamsin na farko lafiya lau, nakan fasa talatin da biyar zuwa arba'in. Daga nan sai abu ya lalace. Kafaɗa ta ɗau zafi, kumatun dama ya kumbura kaɗan, kai ya fara sarawa. Makon jiya abokina ya ɗauke ni bidiyo da waya, da na kalla a hankali sai na ga kafin in ja kunama ina runtse ido, ina kuma ɗaga kai daga jikin ƙota. Wallahi abin ya dame ni, don ban san ina yi ba. Washegari jini ya kwanta a gaban kafaɗar, faɗinsa kamar tafin hannun yaro.

Ba na son in bar wasan nan. Na ga akwai mai giram 24 da mai giram 21. Tsorona shi ne in rage dalma in koma ina kuskure. Wanne zan ɗauka? Kuma idan na sayi mai ƙarancin gudu, ashe ba sai na sake koyon tazarar da nake ba faifai a gaba ba?

Tsohon Maharbi:

Wa alaikumus salam. Malam, sannu da kafaɗa. Na girme ka da shekara goma sha, kuma na bi ta inda kake yanzu, don haka bari in zauna in yi maka lissafin da na so a ce an yi mini da wuri.

Abu uku ne ke yanke ƙarfin dukan da bindiga ke yi maka: nauyin abin da ya fita ta baki, gudun da ya fita da shi, da nauyin bindigar kanta. Biyun farko su suka fi tasiri, domin ƙarfin dukan yana hawa ne ninki a kan ninki: ka ninka nauyin dalma sau biyu, duka ya ninku sau huɗu. Saukowa ma haka take. Idan gudu bai canja ba, daga giram 28 zuwa 24 ka zubar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na dukan. Daga 28 zuwa 21 kuwa, wajen kashi 40 cikin ɗari. Gudu ma haka: ka sauko daga mita 410 zuwa 370, kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi. Shi ya sa kada ka tsaya a kan giram kaɗai. Akwai harsashin giram 24 na 'yan gasa da aka cika wa albarushi, yana fita da gudun tsiya, ya doke ka daidai da mai 28 mai sanyi. Ka karanta lambobin biyu duka a jikin kwali.

Batun tsoron kuskure, ka kwantar da hankalinka. A gasar Olamfik, doka ba ta yarda dalma ta wuce giram 24.5 ba, tun farkon shekarun 1990 a haka ake, kuma faifansu ya fi wanda ni da kai muke harbi gudu nesa ba kusa ba. Suna fasa 25 cikin 25 da shi. Ƙwayar dalma mai kaurin milimita 2.3, za ka samu wajen 400 a giram 28, wajen 340 a giram 24, wajen 300 a giram 21. Faifan kuwa faɗinsa milimita 110 ne, ƙwaya uku ko huɗu masu kyau sun ishe shi. Waɗanda ka rasa galibi na gefe ne. Kuma idan dalmar ba ta da yawa, na ƙasa ba sa matsewa su lanƙwashe lokacin tashi, sai su tafi a miƙe.

Tazarar gaba kuma kada ta hana ka barci. Ƙwaya mai saurin fita ita ta fi saurin rage gudu a iska, sai ka ga kafin mita 30 bambancin ya tsuke. Tsakanin 410 da 370, a kan faifai mai gilmawa, abin da za ka ƙara bai kai taƙi guda ba, alhali watsuwar ƙwayoyin a wannan nisan ta fi kamu guda. Ni ban canja komai ba da na sauko.

Shawarata: ka fara da giram 21, gudu tsakanin 360 da 380.

Uwar 'Yan Koyo:

Baba ya gama magana a kan lissafi, ba ni da abin ƙarawa a nan. Amma Yaya, akwai abin da ka faɗa da ya tsaya mini a rai: kumatu. Harsashi mai nauyi kafaɗa yake ci. Idan kumatu na kumbura, yawanci ƙotar ce ba ta dace da fuskarka ba, ko tsawonta, ko tudun da kake kwantar da kunci a kai. Harsashi mai sauƙi zai rage zafin, amma ba zai gyara wannan ba. Ka sami wanda ya iya auna ƙota ya dube ka kana ɗaga bindigar. Ka kuma duba robar gindin: idan ta bushe ta yi tauri, canja ta da mai taushi. Na koyar da mata da samari da yawa, kuma sau tari jinin da ke kwanciya a kafaɗa daga rashin manna gindin bindiga sosai yake zuwa. Ɗan sararin da ka bari, nan bindigar ke samun filin tasowa ta buge ka.

Sai gargaɗi guda kafin ka sayi katan mai 250. Da yawa daga cikin bindigogi masu baki biyu, girgizar harbin farko ce ke ɗana kunama don harbi na biyu. Idan harsashin ya yi sanyi da yawa, musamman irin wanda gudunsa bai kai na sauti ba, wato ƙasa da mita 340, wata bindigar sai ka ja kunama karo na biyu ka ji shiru. Masu bindiga mai ɗura kanta ma suna fama da haka, kwanson ya ƙi fita. Ka sayi kwali ɗaya mai 25 ka gwada tukuna.

Kuma ciwon kan nan, ƙara na da hannu a ciki. Ka sa abin toshe kunne na ciki, ka ɗora na waje a kai.

Na Layin Baya:

Ni dai ban yarda da giram 21 a kowane hali ba. A faifan kusa, mita 20 zuwa 25, ba shi da laifi, har ma in ƙwayar milimita 2 ce adadinta ya haura 400. Amma faifan da ke gudu yana ba ka baya a mita 40, gefensa kawai kake gani, siriri. A nan na sha ganin ƙura ta tashi a jikinsa bai fashe ba. Giram 24 mai matsakaicin gudu shi ne nawa, in kuma dole sai 21, to a ƙara matse bakin bindiga da cok, wato ɗan bututun da ke tsuke bakin, mataki ɗaya. Wani abu kuma, kada wani ya ruɗe ka da komawa geji 20, mai ƙaramin baki. Bindigar ta fi sauƙin nauyi, in ka sa mata dalma iri ɗaya sai ta fi wadda kake da ita duka.

Mai Baki Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na dawo da labari, don gani ya kori ji.

Na sayi kwali ɗaya na 21 da ɗaya na 24, dukansu gudun mita 375, ƙwaya 2.3. Kafin in taɓa faifai sai da na kafa babbar takarda a mita 30, na zana da'ira mai faɗin santimita 76, na harbi kowanne sau uku a takarda daban. Na yanka kwali daidai girman faifai ina yawo da shi a cikin da'irar ina neman gurbin da zai wuce ba ƙwaya. A na 24 ban samu ba sai can bakin layi. A na 21 na samu gurbi biyu, su ma a gefe, tsakiyar kuwa cike take. Hajiya, na gwada abin da kika ce: harbi na biyu ya tashi duk sau goman da na jarraba, kunamar ba ta yi gardama ba.

Daga nan na ƙaro kwalaye na harbi ɗari da na 21. Na fasa 74, a da kuwa da ƙyar nake kai 65, kuma abin da ya fi faranta mini rai shi ne 25 na ƙarshe sun fi na farko kyau. Na koma gida na ɗaga hannu sama ba tare da na cije leɓe ba. Runtse idon bai tafi duka ba, abokina ya ce ya gan shi sau uku ko huɗu, duk a harbi na biyu.

Ɗan'uwa Na Layin Baya, maganarka ta fito a tasha guda mai nisa cikin wuraren da ake tsayawa a yi harbi: sau biyu na ga ƙura, faifai ya wuce lafiyarsa. Zan riƙa zuba na 24 guda goma a aljihun hagu saboda ita. Kumatun kuwa har yanzu yana ɗan zafi, don haka ranar Asabar zan kai ƙotar a auna.