Wa ye zakaran ACC na gaskiya, na saman teburi ko mai kofi?

Habu: Jama'a, tun 1961 dokar rukunin jami'o'in ACC (Atlantic Coast Conference) na Amurka ta ce zakaran ƙwallon kwando shi ne wanda ya ci gasar sili-ɗaya-ƙwale ta watan Maris. Wanda ya gama kakar wasa a saman teburi ko oho. Ni na ce wannan zalunci ne. A sha wahalar wata uku, sannan 'yan kwanaki su yanke hukunci?

Malam Sani: Habu, sannu a hankali. Gasar nan ita ta yi wa ACC suna. An fara ta a 1954, kuma a lokacin wanda ya ci ta kaɗai ke samun gurbi a gasar ƙasa ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka. Shi ya sa kowane wasa ya zama a-mutu-ko-a-yi-rai.

Habu: Malam, a ina aka riƙa buga ta? A Reynolds Coliseum da ke Raleigh, gidan jami'ar North Carolina State (NC State), har zuwa 1966. Kuma NC State ɗin ta koci Everett Case ita ta cinye uku na farko. To ku dubi 1970. South Carolina ta koci Frank McGuire ta buga wasa 14 a rukunin, ta ci duka 14. A wasan ƙarshe NC State ta riƙe ƙwallo, ta ƙi kai hari, tunda a zamanin babu agogon da ke ƙayyade lokacin jefa ƙwallo, ta yi nasara da 42 da 39 bayan ƙarin lokaci har sau biyu. Ga John Roche, gwarzon South Carolina, yana fama da targaɗe a idon sawu. Haka South Carolina suka zauna a gida, babu gasar ƙasa. A 1971 suka fice daga ACC.

Zainab: Yaya Habu, ficewar ba don wannan kaɗai ba ce, akwai rigimar ƙa'idar karatu ta ɗaukar 'yan wasa. Amma riƙe ƙwallo kam na yarda ya yi muni. A 1968 an tashi wasan kusa da na ƙarshe NC State 12, Duke 10. Wasa guda cur!

Malam Sani: To ku zo mu yi maganar 1974, don a nan nake so Habu ya saurara. Greensboro, wasan ƙarshe, NC State da Maryland. Ga David Thompson da Tom Burleson na NC State, ga Len Elmore, Tom McMillen da John Lucas a ɗaya ɓangaren. Babu riƙe ƙwallo ranar, gudu aka yi tun daga tashi. Burleson shi kaɗai ya zuba maki 38. Aka tashi 103 da 100 a ƙarin lokaci. Daga nan NC State ta je ta kayar da UCLA, wadda ta ci kofin ƙasa sau bakwai a jere, ta kuma doke Marquette ta ɗauki kofin. Da babu gasar, ina za a ga wasa irin wannan?

Habu: Ai hujjata ka kawo, Malam. Maryland tana cikin ƙungiyoyi biyar mafi ƙarfi a duk ƙasar, amma ta koma gida hannu rabbana. Har gayyatar NIT, wata gasa da ba ta kai ta NCAA ba, suka ƙi amsawa. Abin ya yi wa mutane ciwo har a 1975 NCAA ta ƙara gurabe daga 25 zuwa 32, ta yarda ƙungiya ta biyu ta shigo daga rukuni ɗaya.

Kawu Isa: 'Ya'yana, ni 1983 ce ke raina. NC State ta koci Jim Valvano ta sha kaye sau 10 kafin gasar, domin ɗan wasanta Dereck Whittenburg ya karye a ƙafa a tsakiyar kaka. Da ya warke suka zo Atlanta suka doke Wake Forest da maki ɗaya, suka doke North Carolina ta Michael Jordan, suka doke Virginia ta Ralph Sampson. Daga nan suka shiga gasar ƙasa, a wasan ƙarshe a Albuquerque suka haɗu da Houston ta Hakeem Olajuwon, ɗan Legas. Daƙiƙu sun kusa ƙarewa, Whittenburg ya jefa daga nesa, ƙwallo ta gaza, Lorenzo Charles ya cafe ta a sama ya danna cikin kwando. 54 da 52. Na ji wa Olajuwon zafi ƙwarai, ko da yake shi aka ba gwarzon gasar. Teburi bai san an yi karaya ba, Habu. Gasar ce ta ba su damar nuna ainihin ƙarfinsu.

Habu: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma ka tausaya wa Whittenburg ka manta da Roche. Ɗaya rauni ya same shi da wuri ya samu lokacin warkewa, ɗaya ya same shi ana gobe wasan ƙarshe. Sa'a ce ta raba su.

Zainab: Ni a da ina bayanka, Yaya, a yanzu kuwa a'a. Lokacin da ACC take da ƙungiya takwas ko tara, kowa na karawa da kowa gida da waje, teburi na faɗin gaskiya. Tun 2024 sun kai 18, har da jami'o'in Stanford, California da SMU. Wani zai je gidan Duke, wani ba zai taka can ba a shekarar. Ta yaya za a auna su da teburi ɗaya?

Habu: Wannan na karɓa, Zainab, daga lokacin da aka daina karawar gida da waje da kowa. Amma 1970 ba na cikin wannan lissafi. Kowa ya kara da South Carolina sau biyu, babu wanda ya kayar da ita. Malam Sani, wa ye zakaran shekarar?

Malam Sani: NC State. An sanar da kowa dokar tun kafin a fara kaka, kuma McGuire ya shiga da saninsa.