Dan Allah a taimaka: miyar karas ta sha ta ƙi yin kauri, madarar kuma sai tsinkewa

Amaryar Hotoro:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan gida, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema akan miyar karas, ba wadda ake ci da shinkafa ba, wadda ake sha da cokali ɗinnan mai santsi da madara a ciki. Hajiyar maigidana ce take wajenmu, an cire mata haƙora biyu na ƙasa dama sauran ma ba wani ƙwari garesu ba, tauna ta zame mata aiki, koko da kunun gyada duk sun gundureta har ta fara ture kofi. Shine take ta bani labarin wata shurba da suka sha a otal a Madina lokacin da sukaje Umara, wai kalar ruwan goro ce ga ƙamshi, tana wucewa a maƙogwaro ba gudaji ko ɗaya. Nace to ai wannan karas ne bari na gwada.

Ga yadda nayi, na yanka karas na zuba ruwa na dafa da tumatir 2 da attaruhu da albasa da Maggi da kori, da ya dahu na markaɗa a blanda na mayar kan wuta na juye madarar gari da na dama na barshi yana tafasa. Wlh sai gani nayi madarar ta tsinke tayi ɗigo-ɗigo fari kamar an zubawa awara ruwan tsami, ruwa gefe tuƙa gefe, ga wani zaƙi salam ba armashi. Hajiya baiwar Allah tayi cokali biyu tace sannu da ƙoƙari, kunsan dai me hakan yake nufi. Maigida kuma ya leƙa kwanon yace to ina tuwon.

Me ya tsinka min madarar? Me zan sa tayi kauri banda fulawa? Kuma wane kayan ƙamshi ne yake shiga da karas ya danne zaƙin nan? Ngd Allah ya bar zumunci.

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumussalam amarya, Allah ya bawa Hajiya lafiya ya saka miki da alheri. Ai da bakinki kin faɗi amsar, tumatir ɗinki shine ruwan tsamin. Madara in ta haɗu da tsami ga tafasa dole ta kama, balle ta gari da aka dama da ruwa. Ki cire tumatir gaba ɗaya a lissafi, dama yana ɓata mata kala.

Sannan kaurin ba daga madara yake zuwa ba, nan mutane suke kuskure. Karas ɗin ne da kansa da ɗan dankalin turawa. Ni ga yadda nake yi na mutum 4: karas manya 7 ko 8 wajen rabin kilo da ɗan wani abu, dankalin turawa matsakaici 1, albasa babba 1, tafarnuwa ƙwara 3, ɗanyar citta gaɓar yatsa ɗaya. Ki sa bota ko man shanu cokali 2 a tukunya ki zuba albasa ki rage wuta, kada ki bari tayi ja, tayi laushi kawai ta fara sheƙi. Sai tafarnuwa da citta da kika daka, ki juya kaɗan, sai kori ƙaramin cokali 1 da kurkum rabin cokali da masoro ki barsu su soyu a cikin man kamar minti 1 zakiji ƙamshi ya tashi ya cika kicin. Wannan soyawar ita ce sirrin, kori in aka barbaɗa shi cikin ruwa kawai gari-gari yake yi a baki. Daga nan ki juye karas da dankali ki ta juyawa minti 5 su sha man, sannan ki zuba romon kaza ko na nama wanda kika tace, iya ya rufe kan karas ɗin kawai kar ya wuce, kofi 3 yana isa. Ki rufe ki barshi a wuta kaɗan minti 20 zuwa 25, ki ɗauko ɗaya ki danna da bayan cokali in ya murƙushe ba gardama to yayi, in akwai ɗan tauri a tsakiya ki ƙara masa lokaci don blanda bazata gyara miki wanda bai dahu ba.

Bayan kin markaɗa kin mayar tukunya ya ɗau zafi sai ki KASHE wuta tukunna ki zuba madarar ruwa ta gwangwani irin su Peak, rabin gwangwani ya isa, kina zubawa kina juyawa. Kar ta ƙara tafasa bayan nan. In tayi kauri da yawa ki sassauta da romo, ƙara ruwa abu ne mai sauƙi, rage shi ne wahala.

'Yar Jos:
Duk abinda Maman 'Yan Biyu ta faɗa haka ne amma ki duba karas ɗin ma. Mu nan Jos a kasuwar Farin Gada muke siya sabon cirowa da ganyensa, bambancin a fili yake. Wanda ya tsufa a gona zakiga zuciyarsa ta tsakiya tayi fari-fari tayi itace, ko awa nawa zaki dafa sai kinji zare-zare. Ki zaɓi matsakaita masu ja sosai masu ƙarar karyewa, kan da yayi kore ki yanke ki zubar ɗaci gareshi. Kuma da sanyi ai lokacinsa ne ko a kasuwar Yankaba ta Kano zaki samu mai kyau da araha, ki wanke sosai ki kankare bayan kinsan ba kowane ruwa ake ban ruwa dashi ba.

Hajiya Babba:
Ikon Allah. 'Yan nan ku dai akwai neman suna, wannan ai taushe ce aka cire kabewa aka sa karas aka hanata tuwo. To 'yata in kauri kike so ki dama markaɗaɗɗiyar gyada cokali ɗaya ki zuba tun tana kan wuta, gyada bata tsinkewa kuma tsoho yana jin daɗinta a baki. In kina da ɓarin kabewa ki jefa ciki, laushi zata ƙara miki. Kuma ni dai miyar da ba daddawa bansan sunanta ba.

Maman 'Yan Biyu:
Hhhh Hajiya Babba a yi mana afuwa, gyada da kabewa na yarda dasu ɗari bisa ɗari amma daddawa da madara a tukunya ɗaya? Wannan auren bazai zauna ba.

Hajiya Babba:
To a bar madarar mana, waye yace dole ne. Da man shanu da gyada da 'yar daddawa kaɗan ki bawa tsohuwa ki gani in bata shanye ba.

Ummu Banat daga Sudan:
Salam 'yar uwa. Ni ina zargin abinda Hajiyarku ta sha a Madina ba karas zalla bane, shurbar adas ce, adas ɗin wani ɗan mitsitsin wake ne fale-fale. Ita ake yawan bayarwa a can da nan wajenmu musamman da azumi, jan adas ake dafawa da albasa da tafarnuwa da karas ɗaya ko biyu, wasu da dankali, a markaɗa, kalarta tana fitowa tsakanin ɗorawa da ruwan goro kuma yawanci ba madara a ciki sam, adas ɗin ne yake narkewa yayi wannan santsin. Ƙamshin da take faɗa kuma kamun ne, shi ake sawa, sai a bada yankan lemon tsami a gefe kowa ya matsa. Ki tambayeta ko an basu lemon tsami da ita, in tace eh to ita ce. Sai ki sa jan adas rabin kofi a madadin dankali, ki wanke shi har ruwan ya washe, baya buƙatar jiƙo minti 20 ya narke. Zakiga a manyan kantuna cikin leda. Kuma zaifi riƙe mata ciki akan karas kaɗai tunda dangin wake ne.

Amaryar Hotoro:
Ummu Banat wlh yanzu na tashi naje na tambayeta tace ƙwarai kuwa da lemon tsami a gefen faranti da wani burodi fale-fale. Kinga harda gyara zama tana bani labari. Amma kamun ɗin shine wanda muke cewa habbatus sauda? Don ina da ita a gida.

Ummu Banat daga Sudan:
A'a kar ki sa, daban suke. Habbatus sauda baƙa ce, shi kamun ruwan ƙasa ne dogo-dogo siriri, a kanti zakiga an rubuta cumin a jikin robar, masu kayan ƙamshi a kasuwa ma suna dashi. In kin samu mai ƙwaya ki ɗan gasa a busasshen kasko har yayi ƙamshi sannan ki daka, ƙaramin cokali 1 ya ishi tukunyar. Kar ki cika shi yana da hawa kai.

Anti Nas:
Allah ya ƙara sauƙi. Ni ta ɓangaren bakin Hajiya zanyi magana. Tunda ba'a daɗe da cire haƙoran ba kar ki bata da zafi ƙau, ɗumi-ɗumi, kuma attaruhu a ɗaga masa ƙafa har wajen ya warke, cittar ma kaɗan, lemon tsamin shima zai iya yi mata zogi a kwanakin farko. Da cokali zata sha banda tsinken zuƙa, zuƙar tana iya ɓalle jinin da ya daskare a ramin haƙorin kuma shine yake rufe ciwon. In tana da hawan jini ki rage gishiri da dunƙule, romo mai kyau da albasar da ta soyu sun isa su bada ɗanɗano. In akwai suga kuma ki bi adas ɗin ki bar dankali, ki kuma faɗawa likitanta abinda take ci.

Abu ɗaya da nakeso a sani, man da ake sawa ba don daɗi kaɗai bane. Sinadarin da ya bawa karas kalarsa shi jiki yake juyawa ya koma bitamin A, kuma da maiƙo yake shiga jiki sosai, dafaffen karas da ɗan mai yafi wanda muke gaigaya ɗanye a hanya amfani ta wannan fannin. Masu yara 'yan wata 6 zuwa sama ma zaku iya ɗibar musu kafin a sa gishiri da yaji.

Uwargida Ran Gida:
Ku dai kuna ta blanda blanda kamar kowa yana da wuta. Mu unguwarmu taransifoma ta lalace ba ranar gyara, da rariyar ƙarfe nake yi, in ya dahu luguf na tsame na zuba a rariya na dinga dannawa da bayan ludayi ina ƙara romon kaɗan-kaɗan, wlh yafi na blanda santsi don duk zaren yana tsayawa a sama. Hannu ne dai zai gaya miki. In sauri nake maburgi nake sawa a tukunyar amma shi baya kashe gudaji duka.

Mai blanda kuma dan girman Allah kar ki juye abu yana tururi ki rufe ki kunna, tururin yana cilla murfin sama, maƙociyata har yau da tabo a hannunta. Ki bari ya sha iska minti 10, ki zuba iya rabin kofin, ki cire ɗan murfin tsakiya ki dafe da tsumma. Kuma in da dankali a ciki kar ki daɗe kina markaɗawa yauƙi yake yi.

Maman 'Yan Biyu:
Na manta zancen zaƙin da kika tambaya. Karas dole yayi zaƙi in ya dahu, citta da masoro da kamun su suke taka masa burki, sai ɗan tsami a ƙarshe. Amma tsamin a kwano ake sawa lokacin sha ba a tukunya ba, ɗigo 3 ko 4 na lemon tsami, ko cokali ɗaya na kindirmo a sama. Kirfa da kanumfari ni bana sawa suna ƙara jan ta wajen zaƙi, in ma za'a sa to ɗan mitsitsi. Wadda madara take ɓata mata ciki ta goga kwakwa ta zuba ruwan ɗumi ta matse ta tace, ita ma a ƙarshe ake zubawa, da citta suna shiri sosai.

'Yar Jos:
Maigidan da yake neman tuwo kuma ki gasa masa burodi da bota ki yanka ƙanana ki watsa a kai, ko ki yaga tsokar kazar da kikayi romon da ita ki zuba masa. Namu ma da haka aka shawo kansa, yanzu da azumi shi yake tambaya.

Amaryar Hotoro:
Iyayena na dawo da rahoto. Na bi ta Maman 'Yan Biyu amma na sa adas a madadin dankali kamar yadda Ummu Banat tace, kamun na samu a wajen mai kayan ƙamshi, ban sa attaruhu ba. Na raba biyu rabi da madara rabi babu, Hajiya ta zaɓi mara madarar tace ita tafi kama da waccan, ta shanye har ta nemi ƙari, mai madarar kuma ni da yaran gidan muka gama da ita bata tsinke ba ko kaɗan. Hajiya Babba daddawar dai ban kai ga gwadawa ba tukunna a min uzuri. Saura tambaya ɗaya, zan iya yin mai yawa na ajiye? Don kullum hura gas akan kofi ɗaya akwai wahala.

Maman 'Yan Biyu:
Masha Allah. Zaki iya, amma wadda zaki ajiye kar ki sa mata madara, sai kin ɗumama zaki zuba. In firjinki yana samun wuta tsayayye tana kwana 3, a firiza kuma ki raba a ƙananan robobi kina ɗaukar ɗaya-ɗaya. In wutar taku irin ta su Uwargida ce to kiyi ta yini ɗaya kawai, ki zuba ta rana a filas da zafinta, ta dare ki sake tafasawa kafin ki bata. Mai adas tana daskarewa in ta huce, ki ɗan ƙara ruwan zafi lokacin ɗumamawa kina juyawa kar ta kama ƙasan tukunya.