Neman taimako: a wane rukuni na halayen ɗan Adam kunya take?

Assalamu alaikum malamaina. Ni ɗalibi ne a nan Sakkwato, ina rubuta kundin kammala karatu a kan tsarin halayen ɗan Adam hawa-hawa, kuma akwai wurin da na cije.

Tsarin da masana halayyar ɗan Adam Costa da McCrae suka fitar a 1992 ban sha wahalarsa ba: manyan halaye 5, kowanne da rassa 6 a ƙarƙashinsa, jimilla 30. Na kuma karanta cewa a 1997 wani masani mai suna Digman ya ɗora wasu rukunai 2 a samansu, waɗanda ya kira alfa da beta.

Matsalata ita ce kunya. A tsarin Costa da McCrae, jin nauyi da takura a gaban jama'a reshe ne na babban halin rashin natsuwar zuciya, tare da fargaba da baƙin ciki, alhali tawali'u yana ƙarƙashin wani babban halin, wato sauƙin hali. To amma kunyar da muka sani, wadda ke hana mace kiran sunan ɗanta na fari, ko ta hana mutum cin abinci gaban surukinsa, tarbiyya ce da ake yabo, kuma sau da yawa mai ita ya fi kowa kwanciyar hankali. A ganina, jefa ta cikin rukunin fargaba zalunci ne, sai dai tawali'u ma bai ɗauke ta gaba ɗaya ba.

Shin ya halatta a ilimance reshe ɗaya ya rataya a manyan halaye biyu, ko kuwa in raba kunyar gida biyu a takardar tambayoyina? Allah ya saka da alheri.