Wane littafi kuka sake karantawa da girma, kuka ga kamar sabo ne?

Uwargida daga Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na gama Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A firamare labarin yaron da aka sace kawai na ɗauke shi. Yanzu da nake da 'ya'ya, uwarsa ce ta tsaya mini a rai: ta bar gida tana nemansa, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ta ƙetara hamada, kuma da Allah Ya haɗa su ba ta daɗe ba ta rasu. Wallahi sai da na ajiye littafin na share hawaye. Ku fa?

Malamin makaranta, Katsina: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni Ruwan Bagaja ne. Shi da Shaihu Umar duk daga gasar 1933 suka fito, wadda aka shirya a Zariya. Da ƙuruciya dariyar wasan ƙure tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe nake bi, yanzu kuwa Hausar Abubakar Imam ce ke riƙe ni. Nakan karanta wa ɗalibaina shafi guda da babbar murya, aji ya yi tsit.

Ƙanwarku daga Kano: Anti, don Allah ki nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Da can haya muke karɓowa a shagon unguwa, mu ɓoye a ƙarƙashin filo, hankalinmu duk yana kan auren Saudatu. Bana na sake dubawa, sai na ga ashe littafin uwarta Rabi ne. Matar da miji ya kora da 'ya'ya tara saboda amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Irinta nawa muka sani a dangi? Masu raina littattafan kasuwar Kano su fara karanta wannan kafin su yi magana. Har Turanci an fassara shi, aka buga a Indiya a 2012.

Ɗalibi daga Maraɗi: Mu a nan samun na takarda da wuya, yawanci a waya muke karatu. Magana Jari Ce kaɗai na gada daga kakana, juzu'i na biyu, bangon ma ya cire. Yaya ta Kano, in akwai mai zuwa ta Jibiya a taimaka mini da na ɗaya da na uku.

Ƙanwarku daga Kano: In sha Allahu zan duba maka a Sabon Gari ranar Asabar.